Yadda A Ke Auna Hatsarin Fari Da Ambaliya A Ƙasar Katsina

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in watan Mayu ya kama, tambaya ɗaya ce a bakin kowa, daga Ƙofar Sauri har Kaita, daga Batagarawa har Jibiya: yaya daminar bana za ta kasance? Mai iri tiya biyar yana so ya sani ko ya yi binne ko ya dakata. Mai gida a bakin rafi yana so ya sani ko katangarsa za ta kai kaka. Uwar yara kuwa tana duban rumbu, tana ƙirga watannin da suka rage. Tambayar ba ta wasa ba ce, gama wanda shukarsa ta ƙone sau biyu, sau da yawa ba shi da irin yin ta uku.

A zamanin nan akwai masana waɗanda aikinsu ke nan, watau auna hatsarin da yanayi ke jawo wa jama'a tun kafin ya auku. Mu kan ji sakamakon aikinsu a rediyo. Waɗansunmu su kan ɗauke shi kamar alkawari, in bai cika ba su ce ƙarya ce. Waɗansu kuwa ba su ko sauraronsa. Mu a ganinmu duka biyu kuskure ne. Domin wannan mu ke so mu bayyana yadda a ke yin wannan lissafi, da abin da ya ke iya faɗa mana, da abin da ba ya iyawa.

Iyayenmu ma sun yi lissafi

Duban yanayi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu su kan lura da zuwan shamuwa, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma a bazara, da gawo in ya fara zub da ganye. Malamai kuma suna ƙirga taurarin damina, kowane da kwanakinsa 13. Ba su tsaya nan ba. Sun san shekara ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta, saboda haka su kan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, su yi wata gona a jigawa wata a fadama, su ajiye hatsi a rumbu na shekara biyu ko uku.

Sun kuma riƙe tarihin munanan shekaru da sunayensu. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Dattawanmu na yanzu kuwa ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, balle na 1983 da 1984. Duk wanda ya ce, “A cikin shekara goma ba a rasa biyu marasa kyau,” ya riga ya yi irin lissafin da mu ke magana a kai. Abin da masana suka ƙara shi ne awo, da rubutu, da kwamfuta.

Mene ne kwaikwayon lissafi?

Tela in zai ɗinka riga mai tsada, ya kan fara yanka ta a takarda. Takardar ba riga ba ce, amma tana nuna masa inda zai yi kuskure kafin ya sa almakashi a shadda. Haka masana su ke yi. Su kan gina kwaikwayon sararin sama da ƙasa da teku a cikin lissafi, su sa shi a kwamfuta, su ga abin da zai faru. Wannan shi mu ke kira kwaikwayon lissafi.

Ga yadda a ke yi. A kan raba sararin duniya gida-gida kamar ramukan dara. A kowane gida a kan rubuta zafin iska, da laimarta, da nauyinta, da inda ta nufa. Sa'an nan kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai canza bayan 'yan mintoci, bisa ga ka'idodin da aka sani, alal misali iska mai zafi tana tashi sama, in ta yi sanyi laimar da ke cikinta ta zama girgije. Ta maimaita wannan sau dubbai har ta kai gobe ko jibi.

Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya fara gwada wannan da hannu, ya buga littafinsa a 1922. Ya yi mako 6 yana lissafin yanayin awa 6, amsar kuwa ta fito ba daidai ba. Sai a 1950 aka yi na farko da kwamfuta a Amurka, a ƙarƙashin Jule Charney. Yanzu manyan kwamfutoci suna yin wannan aiki sau da yawa kowace rana, suna samun awo daga tashoshin ƙasa, da jiragen sama, da tauraron ɗan adam.

Duwatsun murhu uku

Amma sanin ruwan da zai sauka bai isa ba. Ruwa guda ya kan sauka a unguwa, wani ya kwana yana murna, maƙwabcinsa ya kwana a tsaye. Masana sun ce hatsari kamar tukunya ne a kan murhu, duwatsu uku ke ɗauke da shi.

Dutse na fari shi ne abin da yanayi ya kawo: fari, ko ruwa mai yawa, ko iska, ko zafi, ko ƙura.

Na biyu shi ne abin da ke kan hanyarsa: mutane nawa, gidaje nawa, gonaki da dabbobi nawa. Ambaliya a dajin da ba kowa ba ta kashe kowa.

Na uku shi ne ƙarfin jimrewa ko rashinsa: gidan na ƙasa ne ko na siminti, akwai hatsi a rumbu ko babu, akwai akuyar sayarwa, akwai ɗa a birni mai aiko da kuɗi, akwai asibiti kusa.

In aka janye dutse ɗaya, tukunya ba ta zauna ba. Dutse na fari ba ya hannunmu. Na biyu da na uku kuwa, da yawa daga cikinsu suna hannunmu. Wannan ita ce babbar maganar da mu ke so kowa ya riƙe.

A ƙasar Katsina aka yi binciken da ya koya wa duniya wannan darasi. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta buga littafi a kan ƙauyen a 1972. Ta nuna akwai manoman da talauci ya hana su noma gonarsu yadda ya kamata. Bayanta Michael Watts ya zauna a Kaita wajen 1977 da 1978, littafinsa a kan yunwa a Arewacin Nijeriya ya fito a 1983. Abin da ya gani mun san shi. Talaka ya kan sayar da hatsi da kaka lokacin da ya ke da araha, domin biyan bashi da sauran bukatu. In damina ta yi tsakiya ya sayo shi da tsada. Domin ya sami kuɗin, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar ciyawa ta cinye. Ruwan da ya sauka a gonarsa shi ne ya sauka a gonar mai hali, amma amfanin ba ɗaya ba. Saboda haka lissafin da ya dubi sama kaɗai bai dubi rumbu ba, rabin lissafi ne.

Sau nawa cikin goma?

Lissafi mafi sauƙi shi ne na littafin ruwan sama. A kan auna ruwa da milimita. Milimita 1 a kan hekta 1 daidai ya ke da lita 10,000. Birnin Katsina ya kan sami wajen milimita 600 a shekara in an daidaita shekaru, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma ya fi kowane wata. Kudancin jiha, wajen Funtuwa, ya kan kai 1,000 ko fiye. Amma wannan matsakaici ne kawai. Wata shekara ta wuce haka nesa, wata ko kusa ba ta kai ba. A faɗin yankin Sahel, ruwan shekarun 1970 da 1980 ya kasa na shekarun 1950 da wajen kashi 30 cikin 100.

Tun 1972 malamai biyu na Samaru a Zariya, Kowal da Knabe, suka buga taswirar noma da yanayi ta jihohin Arewa, wadda ta nuna lokacin faɗuwar damina da tsawonta a wuri-wuri. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya ba da ma'aunin da a ke amfani da shi sosai. Ya ce damina ta faɗi in an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere bayan 1 ga Mayu, kuma cikin kwana 30 masu biyowa ba a yi rashin ruwa fiye da kwana 7 a jere ba. Ku lura da sharaɗi na biyu. Ruwan fari mai yawa ba shi ne damina ba. Shi ne ya kan yaudari manomi ya zuba irinsa duka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana 15.

Sivakumar ya kuma gano abu mai amfani. Ranar ɗaukewar ruwa ba ta cika canzawa kamar ranar faɗuwarsa ba. Watau in damina ta faɗi da wuri, galibi za ta yi tsawo, in ta makara, galibi gajeriya ce. Manomin da ya ga Yuli ya kama bai yi shuka ba, kada ya sa rai ruwa zai biya shi bashi a Oktoba.

Bari mu yi misali, lambobin namu ne domin bayani kawai. A ce wani ƙauye ya rubuta ruwansa shekara 30. A ce cikin shekara 9 damina ba ta kai kwana 100 ba, amma cikin shekara 3 kaɗai ta kasa kwana 85. To, mai shuka irin da ke bukatar kwana 100 zai yi hasara sau 3 cikin 10. Mai shuka irin da ke nuna da wuri, kamar geron Sosat mai wajen kwana 90 ko wake ɗan wuri, hasararsa ba za ta kai haka ba. Lissafin bai faɗi wace shekara ce za ta ɓaci ba. Ya faɗi sau nawa ne kawai. Amma wannan ma ya isa mutum ya zaɓi iri.

Teku mai nisa da daminar Katsina

Yaya a ke sanin halin damina tun watan Fabrairu, alhali ko girgije babu? Amsar tana cikin teku. Laimar da ke zama ruwanmu iskar bazara ce ke ɗauko ta daga Tekun Atilantika. Zafin ruwan teku kuwa ba ya saurin canzawa, ya kan yi watanni a hali ɗaya. A 1986 masana uku na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da yadda zafin tekunan duniya ya rabu. In tekunan kudu sun fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba, ruwa ba ya hawowa arewa sosai. Ɗumamar Tekun Fasifik da a ke kira El Nino ita ma sau da yawa ta kan rage mana ruwa, kamar yadda aka gani a 1972 da 1983.

Farin 1973 ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin lura da ruwa da amfanin gona. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma su kan taru kafin damina su fid da hasashe guda. A Nijeriya aikin yana hannun hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003. Ta kan fid da hasashen damina a farkon shekara, ta faɗi lokacin da a ke zaton faɗuwar ruwa, da ɗaukewarsa, da yawansa, da inda a ke tsoron tsayawarsa a tsakiya. A kan fassara shi da Hausa.

Ga abin da ya kamata mu gane. Ba sau ɗaya a ke sa kwamfuta ta yi lissafin ba. A kan maimaita shi sau da yawa, wani lokaci har 50, kowane da ɗan bambanci a mafarinsa, gama ba wanda ya san halin sama na yau daidai-wa-daida. Sa'an nan a ƙirga amsoshin a kwando uku: ruwa fiye da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa da haka. In aka ce kwandon farko 45, na biyu 35, na uku 20, ma'anarsa an fi zaton ruwa mai yawa, amma har yanzu sau 1 cikin 5 ƙarancin ruwa zai iya zuwa. In ya zo, masana ba su yi ƙarya ba. Mai rediyo ne ya gajarta magana, ko mu ne muka ji rabinta.

Darasin Jibiya

Da can fari kaɗai mu ke tsoro. Yanzu ruwa ma ya zama abin tsoro. A daren 15 ga Yuli 2018 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya. Kafin gari ya waye fiye da mutum 40 sun rasu, ɗaruruwan gidaje sun rushe, dabbobi sun tafi. Waɗansu gawawwakin sai a cikin Jamhuriyar Nijar aka same su. Yawancin mutane suna barci ruwan ya iske su.

Wani bincike da Christopher Taylor da abokansa suka buga a 2017, bisa ga hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35, ya nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Su ne irin hadarin gabas da muka sani, mai zuwa da iska da tsawa. Dalili kuwa, Sahara tana ƙara zafi, iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar laima. Saboda haka ruwan shekara ya farfaɗo bayan farin 1984, amma halinsa ya sake. Ya kan zo da yawa a dare ɗaya, sa'an nan ya yi kwanaki bai zo ba.

Masu lissafin ambaliya su kan haɗa abu huɗu: yawan ruwan da zai sauka cikin awa kaɗan, yadda ƙasa ke shanye shi, gangaren wuri, da faɗin hanyar ruwa. Ku duba wannan. Ruwa milimita 50 a kan rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi lita 5,000 ne, watau duro 25. Wannan gida ɗaya ke nan. A birnin Katsina da can kududdufai ne ke karɓar irin wannan ruwa, filin ƙasa kuma ya shanye saura. In aka cike kududdufi aka yi gini, aka shafe tsakar gida da siminti, leda ta toshe magudana, ruwan bai ragu ba, wurin zamansa ne ya ragu. Tilas ya nemi ɗakin wani. Hukumar NIHSA mai lura da koguna ta kan fid da hasashen ambaliya kowace shekara tun 2013, ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin hatsari.

Akwai kalma ɗaya mai ruɗarwa. In injiniya ya ce, “Irin wannan ruwa sau ɗaya ya ke zuwa cikin shekara 20,” ba ya nufin in ya zo bana mun huta sai bayan shekara 20. Nufinsa kowace shekara akwai zato 1 cikin 20. Zai iya zuwa bana ya dawo baɗi. Wanda ya zauna shekara 20 a irin wannan wuri, zaton ruwan zai same shi ko sau ɗaya ya kai wajen 64 cikin 100. Mai sayen fili a kwari saboda araha ya tuna da wannan.

Yanayi da cuta

Ba gona da gida kaɗai lissafin ya shafa ba. Mun san sanƙarau da rani ya ke zuwa, in iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, zafi ya tashi, ya kuma lafa in ruwa ya sauka. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka mutu, galibi a Arewa. A 2017 ya sake tashi a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Bincike a Nijar ya nuna ƙarfin iska da yawan ƙura a farkon rani suna taimakawa wajen zaton yadda cutar za ta yi a shekarar. Amfanin wannan shi ne a kai allurar rigakafi da magani kusa tun kafin asibiti ya cika.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa na damina ne. Masana sun duba taswirar ruwan sama, suka ware wuraren da fiye da kashi 60 cikin 100 na ruwan shekara ke sauka cikin wata 3. A irin waɗannan wurare zazzaɓin ya kan taru a 'yan watanni, saboda haka in aka ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 magani sau ɗaya kowane wata a lokacin, za a tsare su daga mafi yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan a 2012, a 2013 kuma aka fara shi a Nijeriya, a Jihar Katsina. Masu bi gida-gida da maganin yara da damina, lissafin ruwan sama ne ya nuna musu watannin fita.

Lissafin yunwa

A nan ne duwatsun uku su ke haɗuwa. Bayan yunwar 1984 Amurka ta kafa shirin FEWS NET a 1985 domin gargaɗi da wuri. Ƙasashen Afirka ta Yamma kuma suna da nasu tsari mai suna Cadre Harmonisé, wanda Nijeriya ta shiga a 2015, Katsina tana cikin jihohin da a ke dubawa. A kan zauna bayan kaka da kuma wajen Maris. A kan haɗa ruwan da aka samu, da koren ƙasa yadda tauraron ɗan adam ya gani, da kuɗin hatsi a kasuwa, da kuɗin dabbobi, da awon damtsen yara, da halin zaman lafiya. Sa'an nan a sa kowane yanki a mataki 1 zuwa 5, a kuma faɗi yadda a ke zaton zai kasance daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba.

Me ya sa a ke sa zaman lafiya a lissafin yanayi? Mutanen Batsari da Safana da Jibiya da Faskari sun san amsa. A shekarun da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, musamman daga 2019, an yi damina mai kyau amma gonaki da yawa sun kwana ba shuka. Tauraron ɗan adam ya kan ga kore, alhali ciyawa ce. Sai mutumin da ke wurin ne zai faɗi gaskiya.

Inda lissafin ke tuntuɓe

Kada mu ɓoye rauninsa. Na ɗaya, gidajen dara na kwamfuta suna da faɗi. Na hasashen kwanaki mafi kyau wajen kilomita 9 ne, na shekaru masu zuwa kuwa ya kan kai 100. Mu kuwa mun san ruwa ya kan sauka a Batagarawa, Ƙofar Ƙaura ko ɗigo babu. Na biyu, tashoshin awo sun yi kaɗan ga jiha mai ƙananan hukumomi 34. Na uku, hasashen kwana 2 ko 3 ya fi na wata 3 ƙarfi nesa. Na huɗu, game da shekaru masu zuwa, kwaikwayon masana dabam-dabam ba su yarda da juna a kan yawan ruwan Sahel ba, ko da ya ke da yawa suna nuna ƙari a yankinmu. Abin da suka yarda a kai shi ne zafi zai ƙaru, ruwa mai tsanani ma haka. Zafin kuwa ya riga ya fara cin amfani. Binciken Benjamin Sultan da abokansa na 2019 ya kimanta cewa daga 2000 zuwa 2009 ɗumamar duniya ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, dawa kuma 5 zuwa 15.

Abin da za mu iya yi

1. Kowane ƙauye ya sami ma'aunin ruwa. In ba a sami na kanti ba, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne ya isa. A kafa shi a fili nesa da itace da rufi, a auna zurfin ruwan da rula kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar. Malamin makaranta da 'yan ajinsa za su iya riƙe littafin. Bayan shekara 10 ya zama dukiya.

2. In mun ji hasashe, mu tambayi malamin gona na KTARDA abu uku: na wane yanki ne, na wane lokaci ne, kuma sau nawa cikin goma?

3. Kada mu zuba iri duka a ruwan fari. Mu raba shi, mu ajiye na sake shuka. In damina ta makara, mu koma ga iri mai nuna da wuri.

4. Taki na zamani ya jira shuka ta kama, ƙasa kuma da laima. In an yi gargaɗin ruwa mai yawa cikin kwana 2, a dakata, kada ya wanke.

5. Kafin Yuni a yi gayya a yashe magudanai. Dattawa su nuna wa matasa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, a sa alama, kada a yi gini a ƙasa da ita.

6. Unguwar da ke bakin rafi ta shirya tun da rana: wa zai ta da mutane in ruwa ya zo da dare, wace hanya za a bi, wa zai ɗauki tsofaffi da yara.

7. Ƙungiyar manoma ta ajiye hatsi tare da kaka, domin a sayar wa 'yan ƙungiya da sauƙi a Yuli da Agusta. Wannan ya fi kome rage ƙarfin mugunyar shekara a kan talaka.

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Jibiya a 2018 zai iya samun kowane gari mai rafi, abin da ya faru a 1984 kuma ba a ce ba zai dawo ba. Masana ba za su iya faɗa mana ranar ba, amma suna iya faɗa mana inda hatsarin ya fi nauyi da watannin da ya kan zo. Saura aikin namu ne. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan bayani a taronsu na gaba, su kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe littafin ruwan sama tun daga daminar bana.